Ya Kura Ba Ta Barcin Rana

Ranar da Ya Kura ta rasu matan Limanti sun yi kuka, amma raɗa ta fi kukan yawa. Yayar mahaifiyata ce, shi ya sa muke kiranta Ya Kura, wato babbar uwa a bakin Kanuri, har sunan ya bi unguwa. Ita ce mai wankan gawar mata a layinsu da layukan da ke kewaye, tun ban san dama da hagu ba. To, mace ta shekara arba'in tana shiga ɗakin da kowa ke gudu, ta fito ta nemi shayi, ai dole a ce akwai abin da ta taka.

Ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, wata tsohuwa ta matso har laffayarta na gogar kafaɗata. Ta yi min ta'aziyya da Kanuri da Hausa, ta ce, "Kanadi, 'yata, sai haƙuri." Sai ta rage murya. "Ba ta bar miki komai ba? Ko ɗan laƙani?" Na ce ta bar buta biyu da ƙwarya da ƙullin ganyen magarya. Tsohuwar ta yi murmushin wanda ya gane ana ɓoye masa, ta tashi.

Akwai kuma mutumin da take sayen farin yadi a shagonsa, Kirista ne daga kudu maso gabas, a garin nan ya yi furfura. Da ya ji labari ya rufe shago ya kawo yadin likkafaninta da kansa. Ya tsaya a bakin zaure da hula a hannu, ya ƙi zama. Ya ce wa mazan, "Mama ba ta yarda da tef ɗina. Da hannunta take aunawa, kamu-kamu, kuma ba ta taɓa dawowa ta ce bai kai ba." Ya share ido da bayan hannu ya tafi.

Ita kuwa 'yarta ɗaya tilo, wadda nake kira Yaya, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Tana ta kai da kawo da farantan abinci kamar a gidan maƙwabta ake makokin. Mata suka bi ta da ido suna taɓe baki. Sai ran sadakar uku, bayan an watse, ta ja ni ɗakin mahaifiyarta ta tura ƙofa.

"Ki ba ni abin nan da kika karɓo a Dusuman," in ji ta.

Na san abin da take nufi. Wuridi ne, waɗansu sunaye da ake ja da adadi, wanda aka ce duk mai riƙe da shi zai ga mamacinsa a mafarki. Na taɓa riƙe shi shekara takwas da suka wuce, kuma Ya Kura ce ta raba ni da shi da ƙyar. Takardar ta daɗe da ɓata, amma kalmomin suna nan daram a kaina, Yaya kuma ta san haka.

Na ce, "Yaya, ki bari a yi bakwai."

Ta ce, "Na bari. Amma ran bakwai ina jiran ki."

Kwana huɗun nan na yi su ina tuna matar da ta tafi, don in san abin da zan gaya wa 'yarta. Abin da na tuno shi nake rubutawa, kada ya bi iska.

Ya Kura doguwa ce siririya, mai tafiya a hankali kamar ba ta son ta tayar da ƙasa daga barci. Hausarta irin ta tsofaffin Yerwa ce, namiji ta ce "ta zo", mace ta ce "ya tafi", in ka gyara mata ta ce ai Allah ya san wanda take nufi. A nan zan miƙe mata maganarta, ta yafe min. Idan aka kira ta wanka ba ta gaggawa. Takan gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka, kuma tana yi tana magana da gawar. "Sannu, zan juya ki." "Yi haƙuri, saura kaɗan." Na taɓa tambayarta ko suna ji. Ta ce ba ta sani ba, amma in suna ji fa? Masu tambayarta ko matattu na zuwar mata a mafarki kuwa amsa ɗaya take ba su: "Duk waɗanda na wanke, ba wadda ta taɓa dawowa ta ce ruwan ya yi zafi."

Abu ɗaya ne ba ta yi a duniya, barcin rana. Da bazara, lokacin da ko akuya ke neman ƙarƙashin mota, gari duka ya kwanta ƙailula, ita tana nan a miƙe a gindin darbejiyar gidanta, tana tsinke ganyen magarya, kofin shayi a gefe. Idonta ya yi ja don gajiya amma ba za ta kishingiɗa ba. Mu dai mun ɗauka taurin kai ne, don tana da shi, Allah ya sani.

Mahaifiyata ta rasu ina wani gari ina kwas na malamai. A shekarun nan hanya ba ta biyuwa bayan la'asar, don haka sai washegari na iso, na tarar an binne ta. Ban ga fuskarta ba. Ya Kura ce ta wanke ƙanwar tata, don haka na same ta na ce, "Ya Kura, yaya fuskarta take?"

Ta ce, "Lafiya lau."

"Lafiya lau kamar yaya?"

"Abin da mai wanka ta gani amana ne, feronyi." Haka take kirana, wato 'yata. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Na tashi da baƙin ciki biyu, na rashin uwa da na wannan amsa, kuma na biyun ya fi ci min rai.

Wata abokiyar aikina a makarantar firamaren da nake koyarwa a Mairi ce ta ga yadda nake ramewa, ta kai ni wurin wani mutum a Dusuman. Ba zan yi masa ƙazafi ba, mutum ne mai tsafta da taushin murya, a bakin gonarsa ya karɓe mu. Ya rubuta min sunaye a takarda, ba Larabcin da na sani ba, ya faɗa min adadi. Ya ce in ja bayan azahar a ɗaki a rufe, kada in amsa wa kowa ko da gobara ce, in na gama in kwanta ta gefen dama, kuma kada in gaya wa kowa. Bai tambaye ni ko ina da miji ba, bai tambaye ni wa ke dafa wa 'yata abinci ba. Ni ma ban ga abin tambaya a ciki ba.

Kwana takwas ban ga komai ba. Ran na tara na ga mahaifiyata. Tsakar gidanmu na da ne, an share shi fes, ruwan kogin Ngadda na bi ta tsakiyarsa shiru ba ya jiƙa komai. Tana zaune a ƙetaren ruwan ta ba ni baya, tana tankaɗe gari. Garin na sauka a hankali, yana ta sauka, tsibin ba ya ƙaruwa, rariyar ba ta ƙarewa. Na san ƙeyarta, na san yadda ɗankwalinta ke karkata hagu. Inuwar darbejiya na yawo a bayanta alhali babu iska. Na buɗe baki in kira ta, murya ta ƙi fita, sai na farka ana kiran la'asar, matashina sharkaf da hawaye, zuciyata kuwa fari tas. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba.

Daga nan kullum sai ta ɗan juyo. Yau in ga kunne, bayan mako in ga gefen kumatu. Wata rana ruwan ya janye har na hango yashi, in ɗaga ƙafa zan taka sai ya dawo. Wata rana tsuntsaye farare su cika gidan, su zauna a kan igiyar shanya ba sa kuka. Na ce adadin ne bai isa ba, na ƙara da kaina, na sake ƙarawa. Ana tashi daga makaranta nake tsallake kowa in yi gida, ƙafata na rawa kamar mai sauri zuwa ɗaurin aure.

Duniyar ido biyu kuwa ta koɗe min kamar atamfar da ta sha wanki. Abinci ba ɗanɗano. A aji in kira yaro da sunan wani, in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake rubutawa. Maigidana, da yake sai magariba yake dawowa daga shago, ya ɗauka makoki ne bai sake ni ba, ya yi ta jido min maganin ƙarin jini. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne girman kan da ya shige ni. In na ji mata na hirar tsadar tumatir sai in dube su da tausayi, in ce a raina bayin Allah, ba su san akwai wata ƙofa ba. Na ɗauka sama nake hawa. 'Yata kuwa, tana da shekara bakwai a lokacin, takan dawo daga makaranta ta tarar da ƙofa a rufe, ta zauna a dakali da kayan makaranta a jikinta har la'asar.

Kitso ne ya tona ni. Wata Juma'a maigidana ya kai 'yar tamu gaisuwa Limanti, Ya Kura ta cire mata hijabi don zafi, ta ga kitson ya tsufa ya yi buzu-buzu, ya fi wata ba a taɓa shi ba. Ta ce, "Ina uwarki?" Yarinya ta ce, "Tana barci." Ta ce, "Da ranar nan?" Yarinya ta ce, "Kullum ma."

Washegari da misalin ƙarfe biyu, ina gab da ganin wutsiyar idon mahaifiyata, sai ƙara ta tsaga gidan mafarkin. Ya Kura ce ke dukan ƙofar ƙarfe da gindin buta. Na fito idona rufe da fushi, na yi mata abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ɗaga mata murya.

"Saura ƙiris, Ya Kura! Saura ƙiris ta juyo!"

Ta ce, "Ba za ta juyo ba."

"Ke kika jawo! Kin gan ta, kin hana ni ko kalma ɗaya, yanzu kuma kin biyo ni nan ma ki hana ni?"

Ba ta rama ba. Ta tura 'yata gidan maƙwabta, ta zauna a dakalin da yarinyar ke zama, ta ajiye butar. Ta ce, "Ta ba ki baya ko? Akwai ruwa a tsakaninku?" Ni kuwa ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

A nan ta ba ni labarin da duk danginmu ba mai ɗaga shi. Ɗanta na fari ya tafi wanka Ngadda da damina yana ɗan shekara goma, ruwa ya ci shi. Wata mata ta ba ta irin abin da aka ba ni, ta riƙe shi shekara guda da 'yan watanni. Kullum da rana tana ganinsa a ɗaya gaɓar, rigarsa a jiƙe, ya ba ta baya. Yaya tana da shekara huɗu a lokacin, maƙwabciya ce ke ba ta abinci, ita ke yi mata wanka. Wata rana Ya Kura ta fito daga ɗaki ta ji yarinyar na kiran maƙwabciyar "Ya", wato uwa. Ta miƙa mata hannu, yarinya ta ɓuya a bayan zanen matar.

"Daga ranar na bari," in ji ta. "Amma yarinyar ba ta dawo ba. Kin taɓa jin Yayarki ta kira ni Ya? Hajiya take ce min, kamar mun haɗu a layin asibiti." Ta ƙara da cewa, "Ban ce miki ƙarya kike gani ba, feronyi. Da ƙarya ne ai da sauƙi, da kin gaji kin bari."

Na kawo takardar na ce ta ƙone ta. Ta ce ƙona takarda aikin banza ne tunda abin ya riga ya zauna a kai. Abin da ta yi shi ne, kullum ana sallar azahar sai ga ta a keke mai ƙafa uku daga Limanti har Mairi, mace mai shekara kusan saba'in, cikin ranar da ke narka kwalta. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da ni, ta ɗora min kan 'yata a cinya ta ce in tsefe. In na fara gyangyaɗi ta zungure ni da ƙafa, ta miƙo shayi mai kanumfari, ta ɗauko tsegumin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Na zage ta a zuci ba adadi. Akwai ranar da na yi mata kuka kamar yaron da aka yaye, ta ce in yi, kuka ai a farke ake yinsa. Wata biyu cur ta yi tana wannan zirga-zirga, ba ta yi fashin rana ɗaya ba.

A cikin kwanakin nan ne ta ba ni haƙuri, abin da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. Ta ce ta yi kuskure, mai wanka aibi aka hana ta faɗa, ba alheri ba, tsoro ne ya sa ta yi min rowa, kada in ji kaɗan in nemi da yawa. Sai ta ce, "Kin san fuskar da uwarki ke yi in tana zura zare a allura? Gira a ɗan haɗe, leɓe a ɗan cije? To haka take. Kamar dai ta kusa samun ramin." Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ita ma ta taya ni. Wannan fuskar ita ce ta zauna min har yau, ta kori ƙeyar da na yi wata uku ina kallo.

Bayan na warware na tambaye ta ko duk ilimin ɓoye haka yake, halaka ne. Ta ce wannan tambayar malamai ce, ita mai wanka ce. Amma ta ce ta san mutanen da suka shiga halwa suka fito sun fi da haƙuri, sun fi da sauƙin kai, har matansu na sa musu albarka. Ta ce waɗannan da igiya a ƙugu suka shiga rijiyar, akwai kuma mai riƙe da igiyar a sama wanda ya san gidansu, ya san ranar da zai ce su fito. Ita ma tana da nata wuridin, istigfari da salati, tana ja tana tuƙa tuwo. "Duk wuridin da ba za ki iya ajiyewa ki amsa sallama ba," in ji ta, "ba ke ke jan sa ba, shi ke jan ki." Daga baya ta fara tafiya da ni wurin wanka, ina zuba mata ruwa, har hannuna ya faɗa. Shi ya sa da tata ta zo ni na wanke ta. An ce wa Yaya ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa.

Ran bakwai na je. Na tarar da Yaya a gindin darbejiyar ita kaɗai, ta tura 'ya'yanta gida. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Kin zo da shi?"

Na so in ce na manta, da an wuce wurin. Na ce, "Yana kaina, Yaya. Ba zan ba ki ba."

Ta dube ni kamar ta mare ni. "Ke kin ga taki uwar."

"Ƙeyarta na gani. Wata uku."

"Ni ko ƙeyar ce ina so. Kalma ɗaya zan faɗa mata, ɗaya tak. Shekara hamsin tana jira in faɗa, ina ji a bakina, in na buɗe sai Hajiya ta fito." A nan muryarta ta karye, hawayen da matan Limanti suka yi kwana bakwai suna nema suka zubo ba mai gani sai ni.

Na ce, "A can murya ba ta fita, Yaya. Na gwada." Sannan na gaya mata sauran gaskiyar, wadda ban gaya wa ko maigidana ba. Tun ranar da Ya Kura ta rasu, kullum bayan azahar sunayen nan na zuwa bakina da kansu, sai na cije harshe. In na furta su sau ɗaya don in koya mata, na san ba zan tsaya a ɗaya ba. Wadda za ta zo ta buga mana ƙofa da buta kuwa tana ƙarƙashin ƙasa.

Sai na ba ta abin da nake da shi. Na ce da na buɗe fuskar mahaifiyarta zan wanke, kanta a ɗan karkace yake, girarta a ɗage, irin yadda take yi in ta ji motsi a zaure tana jira ta ji muryar wa.

Yaya ta ce, "Bai ishe ni ba."

Na ce, "Na sani. Wancan ma ba ya isa."

Ta tashi ta shige ɗaki ba sallama. Har yau ba ta huce ba, kuma ban da tabbacin ba za ta nemi hanyar Dusuman da ƙafarta ba, tunda ba ɓoyayyen wuri ba ne. Abin da na iya shi ne, ana tashi daga makaranta in hau keke in nufi gidanta, in yi ta buga ƙofa. Takan fito fuska a murtuke ta ce wai ni ba ni da aikin yi ne. In ce ba ni da shi, ta ɗora shayi. Mu zauna mu biyu a cikin zafin nan, ido ja, kowacce na gadin 'yar'uwarta, har a kira la'asar.

Allah ya jiƙan Ya Kura, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya hannu a kan bayinsa. Shekara hamsin ba ta runtsa da rana ba. Allah ya sa yanzu ta samu barci, mu kuma ya ba mu ikon barin ta ta yi shi.